Kafin a Cire Tagar Katako: Shawara Ga 'Yan Uwana Mazauna Kurmi

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga iyayenmu da 'yan uwanmu mazauna Kurmi, tun daga Sabon Ibadan zuwa Sabon Shagamu, da Agege, da Mile 12, da Ama Hausa ta Owerri, da duk inda neman abinci ya ajiye Bahaushe. Yau kam maganar taga ce ta kawo ni. Na san wani zai yi dariya ya ce yaron nan ya rasa abin faɗa. To a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin kuwa maganar nan ta kusa wata biyu tana yawo a gidanmu, har ta kai Baba ba ya son a tayar da ita idan ana cin tuwon dare.

Gidanmu a Sabo yake, nan Ibadan. Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya gina shi da kuɗin goro tun Baba yana goye. Tagogi takwas ne a gidan, dukkansu na katakon loko, wanda Yarbawa ke kira iroko. Kowace taga ƙyaure biyu gare ta masu buɗewa waje, kuma rabin sama na kowane ƙyaure an yi shi da ƙananan katakai a jere a karkace, wato luba ta katako. A shekarar 2019 da bikin Yayanmu ya matso, sai Baba ya sa aka cire guda biyar na gaban gida, aka saka na alminiyam masu zamewa, da baƙin gilashi. Ba zan ɓoye muku ba, ina cikin waɗanda suka fi kowa murna a ranar. Har hoto na ɗauka na tura wa 'yan uwa a Arewa, ina cewa gidanmu ya zama na zamani. Saura guda uku a bayan gida, ɗaya daga ciki ta ɗakin Hajiya ce, mahaifiyar Baba. Yanzu da za a sake kwanon gidan, sai Baba ya ce a haɗa da su a huta. A nan ne ni kuma na ce ina da magana.

Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne azumin 2024, wanda ya faɗo a cikin watan Maris. Duk wanda ke Kudu a lokacin ba sai an tuna masa irin zafin da aka sha ba. Ga wuta babu, ga fetur ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, saboda haka janareta sai da dalili ake tayar da shi. Da an yi azahar, ɗakunan gaba sai su koma kamar gidan burodi. Matar Yaya da 'ya'yanta da ƙannena mata kowa sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi ɗakin Hajiya, ɗakin da a da muke wa kirari da ɗakin tarihi. Ni ma da kunya ta ƙare na bi sahu. Ina shiga Hajiya ta dube ni ta ce, "A'a, angona, kai ma? Ina gilashin naku?" Ban da abin cewa. Na shimfiɗa buzu a gindin taga na kwanta, ina jin iska tana shigowa ta wuce ta ƙofa.

Tun daga ranar na fara tambayar kaina, me ya sa gida ɗaya, bulo ɗaya, kwano ɗaya, amma ɗakuna su bambanta haka? Ni ba injiniya ba ne, sakandare na gama na shiga taya Baba harkar goro. Amma abubuwa uku na gano waɗanda ba sa buƙatar digiri.

Na farko, taga mai zamewa rabi take buɗewa. Duk yadda ka tura ta, ɗaya gilashin yana bayan ɗayan, rabin ramin a toshe yake. Wato ka biya kuɗin taga guda amma iskar rabin taga kake samu. Ita kuwa ta katako mai ƙyaure biyu, idan ka wangale ta, ramin gaba ɗaya naka ne.

Na biyu, gilashi yana barin rana ta shigo amma ba ya barin zafin ya fita cikin sauƙi. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe aka bari a rana ya san wannan. Baƙin gilashi ma da ake cewa yana tare rana, shi kansa ɗaukar zafi yake ya riƙa huro shi cikin ɗaki. Katako kuwa inuwa yake yi. Idan rana ta juyo yamma ka ja ƙyauren, ka tare ta tun daga waje, iska kuma tana ci gaba da ratsowa ta luba.

Na uku, alminiyam ƙarfen tukunya ne. Ana yin tukunya da shi ne saboda yana saurin ɗaukar zafi ya miƙa shi gaba. Masana sun auna, yana wuce da zafi kusan sau dubu fiye da katako. Iyayenmu mata sun san wannan ba tare da awo ba, shi ya sa muciya ta itace ce. Ku taɓa firam ɗin tagar alminiyam da la'asar, sannan ku taɓa na katako, hannunku zai ba ku labari.

To amma akwai wani abu da ya fi waɗannan, wanda nake ganin ya shafe mu mu Hausawan Kurmi musamman. Ginin da muka gada daga Arewa, wato soro mai kaurin bango da azara da 'yar ƙaramar taga can sama, gini ne na hikima, amma hikimar ƙasarsa ce. Zafin Kano ko Katsina busasshe ne. Bangon ƙasa mai kauri yana tare shi da rana, ƙaramar taga kuma tana rage ƙurar hunturu. Nan Kudu zafin jiƙaƙƙe ne. Gumi ba ya bushewa a jikin mutum sai in iska na kaɗawa. Saboda haka gidan Kurmi ba ya son a toshe shi, so yake iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ku zaga tsofaffin unguwannin Ibadan irin su Oja'ba da Beere da Oje, ku ɗaga kai ku dubi tsofaffin benaye, za ku ga tagogin katako ne manya manya. Waɗanda suka gina su ba su da fanka, ba su da na'urar sanyaya ɗaki, sun san ƙasarsu ne kawai. Mu kuma mun taho da son ƙaramar taga daga gida, muka zo muka ƙara mata gilashi, muka ƙara mata labule mai kauri, sannan muka zauna muna zagin NEPA.

Maganar labule ta kawo ni kan sutura, wadda ita ce hujjar da mutanenmu suka fi kawowa. Gidajen Sabo a cushe suke, tagar wani tana kallon tsakar gidan wani, kuma babu magidancin da ke son a riƙa leƙen iyalinsa. Ana saka baƙin gilashi ne don na waje kada ya ga na ciki. Da rana haka ne. Amma da dare idan aka kunna fitila a ɗaki, abin juyawa yake, na waje ya gan ka tar, kai ba ka ganinsa. Dole a saki labule, kuma da an saki labule 'yar iskar da ta rage ta tafi. Luba ta katako ba ta da wannan matsala. Katakan a karkace suke suna kallon ƙasa ta waje, ido ba ya ratsawa, ruwan sama ma zamewa yake ya zuba waje, amma iska tana wucewa dare da rana. Ban san wata taga da ta haɗa wa Bahaushe sutura da iska wuri guda kamarta ba.

Kada kuma mu ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ɗakunanmu cunkoso gare su. A gidajen haya na Sabo za ka tarar da samari shida ko bakwai a ɗaki guda, ga baƙi daga Arewa ba sa yankewa. Ma'aikatan lafiya kullum suna faɗa cewa tarin fuka ya fi yaɗuwa a ɗakin da mutane suka yi yawa kuma iska ba ta zagayawa. Ga hayaƙin maganin sauro, ga na gawayi idan an shigo da kurfoti. Ga fumfuna da ke cin tufafi da littattafai da damina, daga Afrilu har Oktoba. Sai dai a nan zan ja kunne: ko wace irin taga gare ka, kada a ajiye janareta a gindinta. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari, ya sha hallaka iyalai suna barci a ƙasar nan. A nisanta shi da taga da ƙofa baki ɗaya.

Sai maganar gyara. A cikin tagogi biyar da muka saka a 2019, biyu sun daina zamewa yadda ya kamata, domin ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashinsu sun cinye, ƙurar hunturu kuma ta cika hanyar. Ɗaya makullinta ya karye, da sanda muke tokare ta. Ɗaya kuma ƙwallon yara ta fasa gilashinta, ta yi wata uku da kwali kafin a samo mai yanka irinsa, shi ma da aka saka launinsa bai zo ɗaya da sauran ba. Su kuwa tsofaffin na baya, abin da na taɓa gani an yi musu tun tasowata shi ne sauya hinji da sakata. Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To waɗannan sun wuce arba'in ɗin tuni.

Yanzu bari in kawo hujjojin Baba, domin ba zan yi masa rashin adalci ba, kuma yawancinsu gaskiya ne. Ya ce gara tana cin katako. Ya ce da damina yana kumbura ya ƙi rufuwa, da rani ya tsuke ya bar kafa. Ya ce katakon kirki yanzu ya fi ƙarfin talaka, kuma kafintocin yanzu ba irin na da ba ne. Duk na yarda. Sai dai da na bi wani tsohon kafinta Bayarabe, abokin huldar gidanmu tun zamanin kaka, zuwa kasuwar katako ta Bodija, na gane cewa yawancin laifin da ake ɗora wa katako, laifin zaɓe ne da gaggawa.

Katako suna suka tara. Akwai arere, wanda ake kira obeche, da afara. Farare ne, marasa nauyi, masu araha, sun dace da aikin cikin ɗaki ko dafa kankare, amma idan ka yi taga da su ka yi wa gara da ƙwaro walima. Akwai kuma masu jure ruwa da rana: loko, da apa wanda mu muke kira kawo, da opepe, da tik. Kawo ma an san shi da rashin motsi, ba ya yawan kumbura ko tsukewa. Ko a jikin loko ɗin, tsohon ya nuna mini cewa jan tsakiyar ne mai ƙwari, farin gefen nan da ke kusa da ɓawo ƙwaro na cinsa, saboda haka kada ka yarda a haɗa maka da shi. Abu na biyu, ɗanyen katako shi ne ke murɗewa. Wanda aka yanko makon jiya aka yi maka taga da shi yau, ba zai kai Sallah biyu yana rufuwa ba. Dole a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falle, ya sha iska na watanni. Busasshe za ka ji ya fi sauƙi a hannu, in ka ƙwanƙwasa yana amo, garinsa kuma ba ya dunƙulewa idan an sa masa zarto. Na uku, a shafa masa maganin gara irin su Solignum kafin a kafa shi, musamman bayan firam ɗin da zai shige cikin siminti, sannan a bi shi da fenti ko man katako duk bayan 'yan shekaru. Na huɗu, a yi wa taga 'yar rumfa a samanta, ko a bar bakin kwano ya zubo sosai, domin ruwan da ke kwanciya a jikin katako shi ke ruɓar da shi.

Game da ɓarayi da sauro kuwa, babu bambanci. Kowace irin taga sai an sa mata sandunan ƙarfe da raga. Abin da kawai zan roƙa shi ne a bar ƙarfen taga ɗaya a kowane sashe mai buɗewa da kwaɗo, a rataye makullin inda kowa ya sani. Gobara ta sha rutsa mutane a bayan ƙarfen da suka saka don tsaron kansu.

Tsada gaskiya ce, kuma tana da dalili. Dazukan Kudu sun ja baya ƙwarai, manyan itatuwan loko irin na zamanin kaka sun yi wuya. Mu ma a Arewa mun ga yadda aka yi wa maɗobiya wawa ana lodinta zuwa ƙasar Sin, har aka saka ta cikin yarjejeniyar CITES a 2016, wadda ke taƙaita fitar da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa. A 2022 aka ƙara da kawo da dangin maɗaci. Saboda haka ni ba cewa nake kowa ya ruga Bodija ya sa a sare daji ba. Shawarata ta farko ita ce wanda ke da tsohuwar tagar katako ya gyara ta. Ta biyu, mai sabon gini ya nemi tsofaffin ƙyamare da firam daga gidajen da ake rushewa, domin katakonsu ya gama bushewa tun kafin a haife mu. Ta uku, ya nemi tik, wanda shuka shi ake yi a gandun daji irin na Gambari da Olokemeji, ba tsirar Allah ba ne da in an sare shi ke nan. Nan Jericho ma akwai cibiyar binciken gandun daji ta tarayya, a cikin garin da muke zaune. Wanda kuma aljihunsa bai kai ya yi duk gidan ba, ya fara da ɗakunan da ke kallon yamma da ɗakin tsofaffi.

Ko kun san inda tagoginmu biyar suka tafi? Faskara su aka yi, da su aka dafa shinkafar bikin Yaya. Da na gaya wa tsohon kafintan nan, sai ya riƙe baki ya daɗe bai ce komai ba.

Akwai hujja ta ƙarshe da Baba bai faɗa da ƙarfi ba, amma na ji ta a bakin dattawa da yawa a Sabo. Suna cewa kada ka zuba dukiyarka a ginin Kurmi, domin ba ka san ranar da za a ce ka tashi ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, ko a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021, ba za a ce masa matsoraci ba. Wasu ma suna ƙarawa da cewa in rikici ya tashi, katako makamashi ne. Amsata a nan ita ce, rufin gidan ma a kan katako yake zaune, gilashi kuwa dutse ɗaya ya ishe shi, alhali ƙyauren loko mai kauri sai an sha wuya. Amma abin da ya fi damuna shi ne wannan tunani na zaman wucin gadi. An kafa Sabon Ibadan tun 1916. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni, a nan aka binne kaka. Shekara fiye da 100 muna cewa gobe za mu koma, muna gina gidan Arewa da ba ma kwana a cikinsa sai da Sallah, muna barin 'ya'yanmu da tsofaffinmu suna dahuwa a inda rayuwarmu take a zahiri. Kaka da ya sayi loko mai tsada a lokacinsa, ya san ba gidan kwana biyu yake ginawa ba. Ba na cewa a manta da gida, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Cewa nake inda kake kwana kullum shi ma yana da hakki a kanka.

Ni dai ban isa in tsaya gaban Baba ina jayayya da shi ba. Wajen Hajiya na kai ƙara, ita kuma ta aika aka kira shi. Ina daga bakin ƙofa na ji tana ce masa, "Kai da ba ka yarda rana ta taɓa huhun goronka, ni ce za ka sa a kwalba?" Baba ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan yaron ne ya zuga ki." Washegari ya ce in kira kafinta ya duba. Tsohon ya zo da ƙusa yana tsokanar katakon gaɓa gaɓa. A cikin tagogi ukun, wuri ɗaya kawai ƙusar ta shige, a gindin firam ɗin ɗakin ƙannena inda ruwan indararo ke fantsama. Ya ce zai yanke wurin ya yi masa ƙari, ya sauya hinji huɗu, a kankare tsohon fenti a shafa sabo.

Baba ya ce a gyara ta Hajiya tukuna, sauran biyun a bari ya yi tunani. Har yau da nake wannan rubutu bai ce a cire ba, bai kuma ce a bari ba, mai alminiyam ɗin kuwa ya zo gaisuwa sau biyu. Ku taya ni da addu'a.

Roƙona ga duk wanda ke shirin gyaran gida a bana, kafin ka ba da umarnin a ɓalle tsohuwar taga, ka samu rana ɗaya da la'asar ka zauna a ɗakin rabin sa'a, sannan ka je ka zauna a ɗakin maƙwabcinka mai gilashi rabin sa'a, ba fanka. Abin da jikinka ya gaya maka, ka bi shi. Idan na yi kuskure a wani wuri, iyayenmu magina da kafintoci su gyara mini, yaro ne ni. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya jiƙan magabatanmu.

Wassalam. Naku, ɗan mai goro daga Sabo, Ibadan.